Gangaren da Oom Karools Ya Hana Wuta

Idan ka ce wa Oom Karools Jantjies "ina kwana", sai ya fara leƙa bayanka ya ga ko akwai wanda ya aiko ka, sannan ya amsa. Idan ka yaba rigarsa, to daga ranar ba za ka ƙara ganinta a shanya ba. Akwai lokacin da matar fasto ta aika masa da burodi mai zafi. Ya gutsira ya jefa wa karensa, ya ja kujera ya zauna yana kallon karen har rana ta yi sanyi. Kare bai mutu ba. Oom Karools ya ce ai ba abin mamaki ba ne, uwar karen nan a gidan fasto aka haife ta, wa ya san abin da suka ƙulla. Ko wannan Oom ɗin da muke liƙa wa kowane dattijo, kawunka ne ko ba kawunka ba, sai da ya daɗe yana nazarin abin da ake nufi da shi kafin ya fara amsawa.

A yi masa adalci, ba da halin aka haife shi ba. Shi ba ɗan garinmu Kleinvlei ba ne. Daga Karoo ya fito, can bayan duwatsu inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai. Iyayensa masu askin tumaki ne, gidansu keken jaki, yau suna wannan gona gobe suna waccan. Sau ɗaya tak suka taɓa zama wuri guda, lokacin da wani mai gona ya ba ubansa gefen fili ya kiwata 'yan tumakinsa. Har uwarsa ta shuka albasa a bayan bukka. Wata shekara aka yi ruwa sosai, ciyawa ta yi tsawo ta bushe, wani ya yar da guntun taba, wuta ta lashe filin ƙaf. Mai gonar ya zo a kan doki ya dubi tokar, ya ce tunda babu ciyawa ai babu kiwo, tunda babu kiwo kuma me suke jira? Suka ɗaura wa jakuna kaya. Karools yana zaune a bayan keken, ƙafafunsa na lilo, yana kallon baƙar ƙasar tana nisa. Karatun da ya yi ke nan a duniya, kuma ya haddace shi fiye da yadda muka haddace namu: ƙasar da ta ƙone ba ta da mai ita.

Da ya zama saurayi aski ya kawo shi gonakin kwarinmu, da almakashi a ƙugu da tari a ƙirji. A bakin hanya ya gamu da Griet Oktober tana saukowa daga dutse. Ta ji tarin, ta ce da alama wani yana saran itace a cikin cikinsa. Ta ciro kwalba daga aljihun gaban rigarta, ta tsiyaya maɗi a murfi ta miƙa masa.

"Mene ne a ciki?" in ji shi.

"Guba ce. Ta baƙi muke ajiyewa."

Ya dube ta, ya dubi murfin, ya shanye. Tsofaffin garinmu sun ce wannan ne abu na farko da Karools ya taɓa haɗiyewa ba tare da ya nemi shaida ba. Kafin a sake askin tumaki an ɗaura aure.

Ƙasar Kleinvlei duk ta coci ce, dattawa ke rabawa. Uban Griet ya bar wurare biyu: lambu a bakin rafi, da gangaren da ke saman gari, wanda itacen sukari ya rufe tun daga hanya har gindin duwatsu. Lambun ya faɗa hannun ƙaninta Jafta. Gangaren aka bar wa Griet da mijinta, don ita ce ta gaji hannun uwarsu a dahuwar maɗi. Jafta ya yi murna, shi dama hawan dutse ba ya cikin abubuwan da yake so. Oom Karools bai taɓa yarda da wannan murnar ba. Ya ce dariyar Jafta ta cika faɗi.

Shi itacen sukarin nan, suikerbos, in ba lokacinsa ba ne ba za ka waiwaye shi ba. Ya ɗan fi mutum tsawo, ganyensa sirara masu tauri kamar an yanko su daga tsohuwar fata, kuma a farin yashi yake tsaye, yashin da ko akuya ba za ta yi wa kallo biyu ba. Amma bari sanyi ya shigo da ruwan sama. Sai kowane reshe ya ɗaga ƙoƙo mai tsini a baki, wani fari-fari, wani ja-ja, yana danƙo a hannu. Abin da ido ke ɗauka fure guda ne, in ka leƙa ciki taron ƙananan furanni ne a cushe, kuma a gindinsu ruwan zaƙi ke taruwa. Sammako ake yi, a lanƙwaso ƙoƙon a hankali a girgiza cikin bokiti, kafin tsuntsun nan mai doguwar jela ya riga ka. Ba a korarsa, don shi ne ke cusa kai a wannan fure ya kwaso gari a goshi ya kai wa wancan, da haka iri ke samuwa. A gida a tace da ƙyalle saboda ƙwari, a dafa har ya yi kauri ya yi ja. A burodi ake shafawa, a ba mai tari, a ba yaron da ya ƙi yin shiru.

Oom Karools ya so itatuwan nan so irin na wanda bai taɓa mallakar abin da ba ya tafiya ba. Ya san su ɗaya bayan ɗaya. Gwaggon biri ya karya reshe, sai ka ji shi yana zaginsa har da dangin uwarsa.

Matsalar guda ce. Idan fure ya gama, ƙoƙon ba ya faɗuwa. Bushewa yake ya dunƙule kamar hannun marowaci, da iri a ciki, ya zauna a kan reshe shekara da shekaru. Ruwa ba ya buɗe shi, rana ba ta buɗe shi. Ba ya buɗewa sai uwar itacen ta mutu, kuma wuta ce ke kashe ta. Shi ya sa a garinmu, idan jaririn da aka haifa lokacin ƙunar baya ya fara tsirar gemu, mai gangare yakan sa rana a ƙarshen zafi, dab da saukar ruwa. Gari ya fito da ɗanyun rassa a tsaya a gefe-gefe, mai wuri ya ƙyasta ashana.

Ranar da aka fara gaya wa Oom Karools wannan zance, dariya ya yi, irin ta wanda ya gano dabara tun kafin a gama shirya ta. Washegari ya ɗauki fartanya ya share hanya kewaye da gangaren, mai faɗin da kekunan jaki biyu za su wuce ba su gogi juna ba. Kowace shekara sai ya sake share ta. Maƙwabta na ƙona nasu, shi yana tsaye a kan iyaka da jiƙaƙƙen buhu kamar mai jiran ɓarawo. Shekarar da tsawa ta kunna wa dutse wuta, shi kaɗai ya tare ta a bakin hanyarsa. Ya dawo gida babu gira, amma ko ganye ɗaya nasa bai ƙone ba. Ya yi ta yawo a gari da fuska kamar dafaffen ƙwai yana jiran a yaba masa.

Jafta ne ke samunsa a kan maganar, yawanci ranar Lahadi bayan coci, in ya zo shan kofi wurin yayarsa. Swaer suke kiran juna, yadda miji da ɗan'uwan matarsa ke yi.

"Swaer, itatuwan nan naka sun tsufa fa. Sun fi ka furfura."

"Ƙara suka kawo maka?"

"Ka sa musu ashana su huta, 'ya'yansu su fito."

"Ashe! In sa wuta da hannuna, ku kuma ku hau da dattawa ku ce Karools ba shi da komai a nan sai toka."

"Wa ke son dutsenka? Ni da nake da lambu, ga kabewa ga dankali, ga rafi a ƙofar gida?"

"Wanda ba ya son abu ba ya yawan faɗin ba ya so."

"To shi ke nan, ina so."

"Ka ji ko! Griet, fito ki ji da kunnenki!"

Antie Griet takan amsa daga madafa cewa hannunta na cikin ƙullun burodi, in sun gama haukan su rufe mata ƙofa.

In ka nuna masa gangaren maƙwabta da suka ƙone suka dawo kore shar, yana da amsa. Ya ce su 'yan gari ne, kakanninsu na kwance a bayan coci, ko shekara nawa wurinsu ya yi baƙi ƙirin ba mai taɓa shi. Shi kuwa baƙo raɓa ne. Itatuwan nan su ne shaidarsa, in sun tafi me zai nuna? A nan kam ba wanda ya iya ba shi amsar da ta shige shi, don ba wanda ya gane da gaske yake yi. Kowa ya ɗauka rigimar Oom Karools ce kawai.

Shekaru suka yi ta tafiya. Jariran ƙunar baya suka yi gemu, suka yi aure, 'ya'yansu suka fara zuwa makaranta. Itatuwan suka yi tsawo suka zama ƙwarangwal, ƙasa duk busassun rassa, ɗan ganye can a sama kamar gashin kan mai sanƙo. Fure ya ragu. Bokitin da Antie Griet ke saukowa da shi tana canza hannu, yanzu da ƙyar gindinsa ke jiƙewa. Tsuntsu mai doguwar jela ya koma wurin maƙwabta. Oom Karools ya ce an yi masa kiranye ne.

Sai dattawan coci suka aiko. Suka ce gangaren ya zama tarin itacen girki a saman gari, gidajenmu kuwa rufin ciyawa ne, ranar da wuta ta zo da kanta da iska a bayanta ba fartanyar da za ta tare ta. Kafin ruwan bana ya sauka, ko ya ƙona, ko su ba wanda zai ƙona.

"Na faɗa ko ban faɗa ba?" in ji shi ga matarsa. "Shekara nawa ina faɗa?"

"Ka faɗa, tsoho. Sha kofinka."

Ya kwana biyu yana tunani, ya fito da magani. Itatuwan ba tsufa suka yi ba, yunwa ce. Wane mahaluki ne zai rayu a kan farin yashi? In suka ƙoshi suka yi fure kamar da, wane dattijo ne zai iya buɗe baki? Shi kuwa ɗan masu tumaki ne, ya san abin da ke ta da ƙasa. Ya ari jaki, ya gangara wata gona a kwari, ya dawo da buhunan kashin tumaki ta bayan gari. Ya zaɓi itatuwan da ya fi ƙauna, ya tone gindinsu ya zuba, ya rufe da yashi, har da ɗan ruwa ya yayyafa musu.

Ko yaron da bai iya ɗaure takalmi ba a Kleinvlei ya san ba a yi wa itacen sukari taki. Saiwarsa tana da wasu cukurkuɗaɗɗun gashi kamar soso, an yi su ne don tsotsar ɗan abin da ke cikin yashin da ba shi da komai. Ba su san ƙoshi ba, ba su san a daina ba. In ka ba su abinci mai maiƙo, kamar ka ɗura wa jinjiri nama ne. Antie Griet ta gaya masa wannan tun suna amarci. Ya ji, ya ajiye maganar a inda yake ajiye sauran, wato cikin dabarun 'yan gari na kada itacen baƙo ya yi ƙiba.

Ba a daɗe ba ganye ya fara rawaya, bakinsa ya yi baƙi kamar an lasa masa wuta. Kuma ba kowane itace ba. Waɗanda ya fi so, su kaɗai.

Oom Karools ya tsaya a tsakiyarsu, can ƙasan zuciyarsa akwai wani ɗan daɗi, irin na mutumin da ya shekara talatin yana cewa akwai kura, yau ga sawunta. Guba ce. Kuma wanda ya zuba ta ya san waɗanda zai zaɓa. Ya durƙusa ya duba, sai ya ga an tone gindin wasu, ba irin tonon da ya yi ba, an mayar da yashin an lallaɓe da tafin hannu.

Bai ce wa kowa komai ba. Da yamma ya karyo reshe ya share yashin 'yar hanyar da ke hawa gangaren, ya yi sumul kamar an yi masa guga, ya koma gida ta kan duwatsu. Washegari da hantsi ya je duba tarkonsa. Ya yi tsammanin ƙaton sawun Jafta, mai kama da na wanda ya taka kwale-kwale. Abin da ya gani ƙaramin sawu ne, kuma a dugadugin hagu akwai zanen tayar mota. Shi da kansa ya yanko tayar nan ya liƙa wa takalmin Antie Griet, lokacin da dugadugin ya cinye.



Jini ya fi ruwa kauri, in ji zuciyarsa. Ƙaninta ne, ciki ɗaya suka fito. Kai kuwa wane ne? Mai tari da aka tsinta a bakin hanya. Ya shiga tuno abubuwa. Ranar da ta ce masa "sha kofinka", me ya sa ba ta yi mamakin saƙon dattawa ba? Me ya sa kwanan nan take yawan zuwa lambun Jafta da kwano a rufe? Me ya sa take wanke hannu har gwiwar hannu kafin ta shigo ɗaki? Duk abin da ya ɗauko sai ya ga ya zauna daram.

A gida ya zama kamar baƙo. Tana magana yana kallon hannunta. Rana ta biyu da safe ta yanka burodi, ta shafa masa ɗan maɗin da ya rage a kwalba, ta miƙa masa. Ya karɓa. Ya jira ta juya wajen murhu, ya gutsiri gefe ya sakar wa kare a ƙarƙashin tebur.

Ba ta juyo ba. Amma cokalin da take juya kofi da shi ya tsaya cak, ya daɗe a tsaye, sannan ya ci gaba.

Rana ta uku ya ce zai gangara kwari neman aikin aski. Ya fita ta ƙofar gaba, ya zagaya ta bayan coci, ya hau ya laɓe a bayan wani dutse. Rana ta ɗan ɗaga sai ga ta tana hawowa, tana dafa gwiwa, da kwano da fasasshen faranti. Ta wuce kai tsaye wurin babban itacen da ke kusa da iyaka, wanda yake cewa shi ne sarkinsu. Ta durƙusa da ƙyar. Ta fara tono.

Ya fito kamar an harbo shi. "Na kama ki!"

Ko firgita ba ta yi ba. "Ka kama ni. Tunda ka zo, riƙe min kwanon."

Ya leƙa kwanon. Ba kwalba, ba gari, ba komai sai kashin tumaki da yashi. Farantin na hannunta, tana kankare shi daga jikin saiwa a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar yaro.

"Guba kake nema, ko? Ga ta nan. Sai ka nemo wanda ya hau da ita a kan jakin aro."

"Taki ne," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Abinci ne."

"Abincin kabewa ne. Je ka ga na Jafta bana, mutum biyu ke ɗaga ɗaya."

"Wato can kike kai shi!"

"To in zubar? Kai ka sha wahalar ɗaukowa."

Ya dubi itacen, ya dubi na kusa da shi. Duk wanda ya yi baƙi, shi ya tone gindinsa. Waɗanda bai kula da su ba suna nan da tsufansu, ba abin da ya same su. Ya nemi inda zai ɓoye wa wannan lissafin, bai samu ba.

"Me ya hana ki gaya min?"

"Na gaya maka tun haƙorana suna cike. Ka ce Jafta ne ya aiko ni." Ta dafa itacen ta miƙe. "Na ce bari in kwashe a ɓoye, kada gari ya ji a yi maka dariya. Ban damu da tonon ba, Karools, ban damu da gwiwata ba. Amma ranar da ka fara ganina na ce maka guba ce, ka shanye. Jiya na ba ka burodi, ka tambayi kare."



Ta kai hannu ta ɓalle wani busasshen ƙoƙo, dunƙulalle, ta danƙa masa a tafi. "Kana cewa kana tsaron uwa. 'Ya'yan ka kulle a kurkuku. Ina gidan Jafta. Ranar da na ga hayaƙi daga nan, kuma aka ce min hannunka ne, ka sa ruwan kofi."

Ta ɗauki kwanonta ta gangara. Ko takin ba ta bar masa ba.

Gidan ya yi masa faɗi. Shi da kare suka zauna suna kallon juna, kowa na ganin laifin ɗan'uwansa. Da ya hura murhu zai dafa kofi, sai ya ɗora ƙoƙon nan a gefen ƙarfen inda zafi ke bugawa. Ya kulle ƙofa, ya saki labule, kada wani ya musanya shi. Kafin rana ta karkata ƙoƙon ya fara motsi. Ya saki yatsunsa ɗaya bayan ɗaya har ya buɗe kamar tafin mai roƙo, ga iri a ciki cunkus, kowanne da gashinsa ja-ja mai laushi.

Wani zai ce shi ke nan, ya gamsu. Ba ku san mutumin ba. Ya ce ai ita ta zaɓo wannan da hannunta. Ya hau gangaren ya ɓallo wasu daga lungunan da ba mai zuwa, har da wanda ya tsufa ya yi fari kamar ƙashi. Ya jera su a murhu. Duk suka buɗe. Ya zauna a gabansu, irin na tashi da numfashinsa yana sauka a kan tebur, yana tunanin shekarun da suka yi a dunƙule suna jiransa.

Da safe ya sa hularsa ta coci ya tafi lambu. Ya tarar da Jafta zaune a kan kabewa kamar kujera.

"Swaer! Ka zo ganin 'ya'yan takinka? Gaishe su mana."

"Ba wasa ya kawo ni ba." Ya cire hular ya juya ta a hannu. "In na ƙona, wa zai ce nawa ne?"

Jafta ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya ga fuskar mutumin, ya fasa. "Tsaya. Da gaske kake tambaya?"

"Na taɓa yi maka wasa?"

"Shekara nawa kana garin nan, ba ka san abin da ke kai mu wurin ƙuna ba? Kana zaton son hayaƙi ne? Rassan da muke riƙewa rabin aikin ke nan, Swaer. Sauran rabin ido ne. Wanda gari ya gani ya ƙyasta ashana, shi ne mai wuri har itatuwan su sake tsufa. Ba dattijon da ya isa ya taɓa shi, ko shekara nawa ya yi baƙi. Kowa an gan shi. Kai kaɗai ne ba a taɓa gani ba."

"Ba wanda ya gaya min."

"Wa ke gaya wa mutum ruwa na jiƙa? Kuma duk ranar ƙuna kana can kan iyaka da buhu kana harararmu."

Oom Karools ya mayar da hularsa. Ya yi 'yan taku ya juyo. "In ƙarya kake fa?"

"In ƙarya nake, ka zo ka ƙona kabewata."

Aka sa ranar da iska ta kwanta. Gari ya fito har da masu sanda, don ba wanda zai yarda a ba shi labari. Aka jeru a kan hanyar nan da ya shekara da shekaru yana sharewa, dattawa suka ce ba su taɓa ganin ƙuna mai sauƙin tsaro irin wannan ba. Jafta ya miƙa masa ashana. Ya ƙyasta, ta karye. Ya sake, ta karye. Ya dubi Jafta ta wutsiyar ido, ya mayar masa da kwalinsa, ya ciro nasa daga aljihu. Ya ƙyasta. Ta kama. Ya durƙusa ya sa ta a gindin sarkin itatuwan.

Wutar ta tashi da ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Ya ja da baya, zafi na dukan fuskarsa, kuma ba gangaren yake gani ba. Bayan keken jaki yake gani, da albasar uwarsa. Ƙafafunsa suka fara neman hanya. Sai ya ji an riƙe hannun rigarsa.

"Tsaya a gan ka," in ji Antie Griet. "Abin da aka zo yi ke nan."

Ya tsaya. Babban dattijo ya zo ta gabansa, ya cire hula, ya ce, "Mun gani, Karools." Na bayansa ma haka, har mata, har Jafta, wanda ya ƙara da cewa wannan karon girar ta tsira.

Kwanaki kaɗan bayan haka, ƙoƙunan da ke kan baƙaƙen rassan suka buɗe gaba ɗaya. Iri ya zubo, iska na mirgina shi a kan toka yana taruwa a gindin duwatsu. Oom Karools ya ce kamar rumfar aski bayan an gama da garke. Ruwa ya yi jinkiri, shi kuwa kullum yana kan dutse yana gadin toka, yana lura da duk wanda ya ɗaga kai ya dubi wajen. Ba wanda ya zo da igiyar awo. Ba wanda ya ce ya ɗaura wa jaki kaya.

Da ruwan ya sauka ya jiƙa ƙasa sosai, wata safiya suka hau tare. Gangaren ya yi tsiro, ƙanana masu ganye bibbiyu, ko'ina, har ba wurin sa ƙafa. Sai wasu 'yan da'irori da suka zauna fayau ba ko ɗaya, daidai inda takin ya fi yawa hannun Griet bai kai ba. Ya san kowace da'ira da itacen da ya taɓa tsayawa a cikinta. Ya daɗe yana kallonsu.

Sannan ya durƙusa ya tuge tsiro ɗaya, ya ɗaga shi sama yana duba saiwar.

"Me kake yi?"

"Ina duba ko dasawa aka yi."

Ta kai masa duka a bayan hannu. Saiwar ta miƙe zar, ba lanƙwasa, ba ƙasar wani wuri a jikinta. Ya tona rami da yatsa ya mayar da shi, ya lallaɓe yashin, har da ba shi haƙuri ƙasa-ƙasa.

Yanzu itatuwan sun kai ƙugu, wasu sun fara ɗaga ƙoƙo, tsuntsu mai doguwar jela ya dawo kamar ba shi ya gudu ba. Maɗin farko bai fi cikin murfi ba. Antie Griet ta shafa shi a burodi ta miƙa wa mijinta, ta tsaya a gabansa ba ta juya ba. Kare ya matso yana kaɗa wutsiya. Oom Karools ya cinye tas, ya lashe yatsa, ya kakkaɓe ɓurɓushin a tafinsa ya watsa a baki.

Daga baya ya gaya wa Jafta cewa kwanan nan karen nan yana yi masa wani irin kallo da bai gane ba, kuma yana so ya san wanda ke zuga shi.